Koya wa manhajar karatu furucin kalmomin da take kuskurewa: wace hanya ce ta fi inganci?

Mai_Sauraro:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Aikina shi ne mayar da takardun karatu zuwa murya domin ɗalibai masu lalurar gani, kuma da yake ba zan iya karanta ɗaruruwan shafuka da bakina ba, na koma amfani da manhajar da ke mayar da rubutu magana. Tana taimaka mini ƙwarai, amma akwai kalmomin da take kuskurewa kullum: sunayen mutane, kalmomin kimiyya, taƙaitattun kalmomi, da kuma kalmomin Hausa idan sun faɗo a cikin rubutun Ingilishi. Na gano akwai wurin da mutum zai shigar da kalma tare da furucin da yake so a yi mata. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hanyoyin guda biyu ne: ko dai in sake rubuta kalmar da haruffan yau da kullum yadda take fita a baki, ko kuma in yi amfani da alamomin ilimin furuci waɗanda ban ƙware a kansu ba. Wace hanya ce ta fi inganci? Kuma me ya sa wani lokacin idan na gyara kalma ɗaya sai in tarar wasu kalmomin da a da suke daidai sun lalace?

Injiniya_BK:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zaɓi hanya, yana da kyau a san abin da manhajar take yi a ɓoye. Galibin waɗannan manhajoji suna bin matakai uku. Da farko suna gyara rubutun, wato su mayar da lambobi da alamomi da taƙaitattun kalmomi zuwa cikakkun kalmomi. Daga nan su nemi kowace kalma a ƙamusun da aka gina musu, idan ba su same ta ba sai su yi hasashen furucinta daga haruffanta bisa ƙa'idojin harshen da aka horar da muryar a kansa. A ƙarshe ne ake samar da sautin. Sake rubuta kalma yana aiki ne a mataki na farko, domin ka canza abin da manhajar take gani, amma har yanzu ita ce za ta yi hasashe. Alamomin furuci kuwa suna tsallake hasashen gaba ɗaya, su gaya mata ƙwayoyin sautin kai tsaye. Saboda haka ni a wurina alamomin furuci sun fi tabbas, muddin manhajar tana karɓarsu.

Mai_Karatu_Da_Kunne:
Ni makaho ne, kuma shekaru da yawa ke nan da manhajar karanta allo nake yin komai a kwamfuta, don haka wannan magana ta shafe ni kai tsaye. Ina so in ce wa Injiniya_BK sharaɗin da ya ambata a ƙarshe shi ne ginshiƙin maganar, domin mu masu amfani da manhajar karanta allo ta NVDA, wadda Michael Curran ya fara a Ostireliya a 2006, ƙamusunmu na sauya rubutu da rubutu ne. Akwai ƙamus uku: na gama-gari wanda ke aiki a kan kowace murya, na murya wanda ke aiki a kan muryar da aka zaɓa kaɗai, da na wucin gadi wanda ke gogewa da zarar an rufe manhajar. A kowace shigarwa kuma za a tambaye ka ko a kama haruffan a ko'ina suka fito, ko sai sun zama cikakkiyar kalma, ko kuma a bi wani tsarin bincike da ka rubuta.

Amsar tambayar Malam Mai_Sauraro ta biyu tana nan. Lokacin da na fara, na sa a riƙa mayar da harafin c zuwa ch domin muryar Ingilishi ta iya furta "cikin" da "cewa", kuma na zaɓi a kama shi a ko'ina. Hausar ta gyaru, amma duk wata kalmar Ingilishi mai ɗauke da wannan harafi ta rikice, har na kasa fahimtar saƙonnin wurin aiki na tsawon yini guda kafin in gane daga ina matsalar ta fito. Kuskurena ne, domin ban lura cewa shigarwa doka ce da ke hawa kan duk rubutun da ya biyo ba.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Irin wannan ya same ni da kalmomin da rubutunsu ya zo ɗaya a Hausa da Ingilishi. Ku duba "sun", "can", "take", "sake", "mace", "dare" da "same". Kowace daga cikinsu cikakkiyar kalma ce a harsunan biyu, don haka ko an zaɓi a kama cikakkiyar kalma kaɗai ba a tsira ba. Abin da na yi shi ne na ware murya ɗaya domin karatun Hausa, na zuba duk gyare-gyaren Hausa a ƙamusun wannan muryar, na bar ɗayar ba tare da na taɓa ta ba.

Malamar_Harshe:
Na ji daɗin wannan tattaunawa, kuma ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren tsarin sauti, domin ina ganin nan ne wahalar ta fi zurfi ga mai aiki da Hausa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, alhali su biyun suna bambanta ma'ana. Mai karatu ɗan Adam yana cike wannan giɓi da fahimtar jimlar, har ma ba ya lura yana yin haka. Kalmar "suna" tana iya zama abin da ake kiran mutum da shi, mai dogon wasali da karin sama a gaɓoɓin biyu, tana kuma iya zama ta cikin "suna zuwa", mai gajeren wasali a farko da karin ƙasa a ƙarshe. "Wuya" na jiki yana farawa da karin sama ya sauka, "wuya" ta wahala kuwa tana farawa da karin ƙasa ta hau. "Kuka" tana da fuska uku: na hawaye, da bishiya, da ta cikin "abin da kuka gani".

Wadda ta fi kowace rikitarwa ita ce ƙaramar kalmar nan "ya". A jimlar "ya tafi" kaɗai, idan wasalin dogo ne mai karin sama, tafiyar ta riga ta faru. Idan gajere ne mai karin sama, muna cikin ba da labari ne, kamar a "sai ya tafi". Idan gajere ne mai karin ƙasa, umarni ne ko buƙata, kamar a "ina so ya tafi". Idan kuma karin faɗau ne, ana nufin mai yiwuwa zai tafi nan gaba. Rubutu ɗaya, furuci huɗu. Ƙamusun furuci kuwa yana haɗa rubutu ɗaya da furuci ɗaya ne, saboda haka ko wace hanya Malam Mai_Sauraro ya zaɓa daga cikin biyun, irin waɗannan kalmomi ba za su warwaru da shigarwa guda ba.

Mai_Sauraro:
Malama, na gode da wannan bayani, domin ya fayyace mini abin da na daɗe ina ji a kunne ban iya faɗarsa ba. To amma idan haka ne, ashe ke nan babu abin da za a yi wa irin su "suna" da "wuya"?

Injiniya_BK:
Akwai abin yi, sai dai ba a cikin ƙamus ba, a cikin rubutun kansa. Ƙungiyar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da wani tsarin yi wa rubutu alama mai suna SSML a 2004, ta sabunta shi a 2010. Da shi za ka iya kewaye kalma ɗaya a jimla ɗaya ka faɗi furucinta a wannan wuri kaɗai, ta amfani da alamar phoneme, ko ka ba da abin da za a karanta a madadinta da alamar sub. Sauran wuraren da kalmar ta fito ba za su taɓu ba. Ƙamus kuwa yana da nasa tsarin daban mai suna PLS, wanda ƙungiyar ta amince da shi a watan Oktoba na 2008. Fayil ne da kowace shigarwa a cikinsa take ɗauke da rubutun kalmar a gefe guda, da furucinta ko madadinta a ɗaya gefen. Yadda nake raba aikin shi ne: kalmar da furucinta ɗaya ne a ko'ina, kamar sunan wani sinadari ko na wata ƙasa, ta shiga ƙamus, kalmar da furucinta ya dogara da jimla, a yi mata alama a inda ta fito.

Tsohon_Mai_Fassara:
Malam Injiniya, maganarka daidai ce a ilmance, amma ka yi la'akari da mutumin da ke da shafuka ɗari uku a gabansa. Kalmar "ya" da Malama ta kawo tana iya fitowa sau da dama a shafi guda. Wa zai zauna ya yi wa kowace alama? Na yi shekaru ina shirya rubutun da ake karantawa da baki, kuma abin da na koya shi ne mai sauraro yana jure kuskuren karin sauti a ƙananan kalmomi fiye da yadda muke zato, domin shi ma yana cike giɓin da fahimtarsa. Abin da ba ya jurewa shi ne a ɓata suna, ko a karanta lamba ba daidai ba, ko a tsaya a tsakiyar jimla inda bai kamata ba. Shawarata ita ce a kashe ƙarfi a kan waɗannan, a bar sauran.

Mai_Karatu_Da_Kunne:
Baba Tsohon_Mai_Fassara, na yarda da rabin maganarka. Gaskiya ne kunne yana sabawa, har ma mukan saurari murya da saurin da mai gani ba zai gane komai ba. Amma ɗalibin da yake jin kalma a karon farko ba shi da abin da zai cike giɓin da shi. Idan manhajar ta furta sunan wani sinadari ba daidai ba, haka zai haddace shi, haka kuma zai faɗe shi a gaban malaminsa ranar jarrabawar baka. Akwai kuma wani ɓangaren da masu gani ba sa tunawa: idan aka sauya rubutun kalma domin ta yi daɗin ji, ɗalibin bai san yadda ake rubuta ta ba. Ga mai karanta allo da sauƙi, domin zai iya bin kalmar harafi bayan harafi ya ji ainihin rubutunta, amma wanda aka ba fayil ɗin murya kawai ba shi da wannan dama. Ina roƙon Malam Mai_Sauraro ya riƙa sa a jero haruffan kowace sabuwar kalma mai wuya a karon farko da ta fito.

Gaskiya_Dokin_Ƙarfe:
Wannan roƙo yana da muhimmanci, kuma SSML yana da alamar say-as wadda ke sa a karanta kalma harafi-harafi, don haka ba sai an raba haruffan da hannu ba.

Malamar_Harshe:
Bari in koma kan alamomin furuci, tunda wasu za su gwada su bayan wannan tattaunawa. Tsarin da aka fi sani shi ne IPA, na ƙungiyar masana furuci da aka kafa a Faransa a 1886, kuma haɗarinsa ga Bahaushe shi ne haruffansa sun yi kama da namu amma aikinsu daban. Harafin j a IPA sautin y ɗinmu ne, y kuma wani wasali ne da babu shi a Hausa. Sautin c ɗinmu ana rubuta shi tʃ, na j ana rubuta shi dʒ, na sh kuma ʃ. Haɗiyau guda biyu, wato sautukan da ake furtawa kamar ana haɗiye iska, ɓ da ɗ, sun zo daidai da yadda muke rubuta su, amma ƙ ba haka ba ne. Sautinmu na ƙ tunkuɗau ne, wato ana tunkuɗo iska daga maƙogwaro wajen furta shi, kuma ana rubuta shi da k mai ɗauke da 'yar waƙafi a sama, wato kʼ. Shi harafin ƙ an taɓa amfani da shi a IPA domin wani sauti daban, aka janye shi a 1993. Haka kuma r ɗinmu iri biyu ne, ra-gare da ra-kaɗe, ana rubuta na biyun ɽ, kuma su ne kaɗai suka raba "bara" ta roƙo da "bara" mai yi wa wani hidima. Tsawon wasali ana nuna shi da alamar ː, wadda ta yi kama da ɗigo biyu na rubutu amma ba ita ba ce.

Injiniya_BK:
Malama ta taɓo wurin da mutane da yawa suke faɗawa. Kowace murya tana da jerin ƙwayoyin sautin da aka horar da ita a kansu, kuma kamfanoni suna wallafa wannan jeri ga kowane harshe. Idan ka ba muryar Ingilishi ɓ ko kʼ, ba za ta iya samar da su ba, domin ba ta taɓa jin su ba. Wata manhajar za ta ƙi karɓar fayil ɗin, wata za ta watsar da shigarwar ta koma hasashenta ba tare da ta sanar da kai ba. Wannan ya sa dole in sassauta abin da na faɗa da farko: alamomin furuci sun fi tabbas ne kawai a cikin iyakar sautukan da muryar ta mallaka. Ga wanda allon rubutunsa ba shi da haruffan IPA, akwai X-SAMPA, wanda John Wells ya tsara a 1995 domin a rubuta sautukan da haruffan kwamfuta na yau da kullum. Ga Ingilishin Amurka kuma akwai ARPABET, wanda ƙamusun furuci na Jami'ar Carnegie Mellon yake amfani da shi. Yana da kalmomi fiye da 134,000 da ƙwayoyin sauti 39, kuma ana nuna ƙarfin gaɓa da lambobin 0, 1 da 2. Sau da yawa nakan duba wata kalma mai kama da wadda nake so a can, in ɗauki gaɓoɓinta in haɗa.

Sarkin_Haƙuri:
Ni matsalar da ta fi cinye mini lokaci ba ta furuci ba ce, ta haruffa ce. Na shigar da kalmar "'yanci" a ƙamus, na gwada ta yi daidai, amma da na zuba cikakken rubutu sai ta ƙi aiki a wasu wurare. Na yi kwana biyu ina bincike kafin in gane cewa alamar da ke gaban y ba iri ɗaya ba ce a duk rubutun. Akwai miƙaƙƙiya wadda allon rubutu yake bayarwa, akwai lanƙwasasshiya wadda manhajar rubutu take sauyawa da kanta, akwai kuma waɗanda suke rubuta ƴ mai ƙugiya. A ido kusan ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta haruffa ne mabambanta. Haka nan wasu marubutan ba sa sa ƙugiya kwata-kwata, sai ka ga "kasa" a inda ake nufin "ƙasa", ko "baki" a inda ake nufin "baƙi". Yanzu kafin in ba manhaja kowane rubutu sai na daidaita haruffansa, kuma ina adana fayil ɗin ƙamus a tsarin UTF-8 domin kada haruffa masu ƙugiya su koma alamar tambaya.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Malam Sarkin_Haƙuri, tsarin PLS ya yarda a sa rubutu fiye da ɗaya a ƙarƙashin shigarwa guda, don haka za ka iya jera siffofin "'yanci" guda ukun a wuri ɗaya su sami furuci ɗaya. Haka za ka yi wa babban baƙi da ƙarami, domin wasu manhajojin suna ɗaukar kalmar da ta fara da babban baƙi a matsayin wata kalma daban. Abin da wannan ba zai magance ba shi ne rashin ƙugiya, tunda "kasa" ita ma kalma ce mai ma'anarta.

Malamar_Harshe:
Akwai kuma batun ɗafe-ɗafe. Wanda ya shigar da "littafi" bai shigar da "littafin" ko "littafinsa" ko "littattafai" ba. Ba kuma daidai ba ne a ɗauki furucin kalmar a liƙa mata n a ƙarshe, domin dogon wasalin ƙarshe yana gajarcewa idan baƙi ya rufe gaɓar. Saboda haka kowace kalma ɗaya da ka gyara, a zahiri siffofi da dama ne suke jiran gyara.

Umman_Ɗalibai:
Ina bin wannan magana tun farko, kuma na ga ba a tsaya sosai a kan lambobi ba, alhali Baba Tsohon_Mai_Fassara ya ambace su. A rubuce muna sa 20%, amma a baki muna cewa kashi 20 cikin ɗari, wato kalmar da ke wakiltar alamar tana zuwa kafin lambar, wani ɓangarenta kuma bayanta. Idan ka shigar da alamar kaɗai a ƙamus ka ce a karanta ta "kashi", za ka ji "ashirin kashi", wanda ba Hausa ba ne. Haka 5km yake, domin kilomita biyar muke cewa. Wannan yana buƙatar tsarin binciken da Malam Mai_Karatu_Da_Kunne ya ambata, wanda zai kama lambar ya riƙe ta, sannan ya mayar da ita a wurin da ya dace. Kwanan wata ma haka ne: 3/4 yana iya zama uku ga watan huɗu, yana iya zama uku bisa huɗu, kuma babu ƙamusun da zai raba su. A takardun lissafi na gwammace in rubuta irin waɗannan da cikakkun kalmomi tun daga tushe.

Mai_Karatu_Da_Kunne:
Haka ne, Malama Umman_Ɗalibai. Sai dai duk mai rubuta irin waɗannan dokoki ya sani cewa ana bin su ne bi da bi daga sama zuwa ƙasa, kuma abin da doka ta farko ta fitar shi ne ta biyu za ta gani. Idan doka ta sama ta riga ta sauya wani ɓangare na kalma, ta ƙasa da ke neman cikakkiyar kalmar ba za ta ƙara samunta ba. Nakan sa dogayen kalmomi da keɓantattu a sama, gajeru da na gama-gari a ƙasa. Nakan kuma fara gwada kowace sabuwar doka a ƙamusun wucin gadi, sai na gamsu sannan in mayar da ita na dindindin.

Injiniya_BK:
Batun jeri yana nan a manyan manhajojin da ke aiki ta intanet ma. Amazon Polly yana karɓar ƙamus har guda biyar a buƙata ɗaya, kuma idan kalma ta fito a biyu daga cikinsu, wanda aka fara ambata shi ne yake rinjaye. A tsarin Microsoft Azure kuwa girman fayil ɗin ƙamus ba ya wuce kilobayit 100, kuma idan an ɗauko shi ana riƙe kwafinsa har tsawon minti 15, don haka wanda ya yi gyara ya gwada nan take zai iya zaton gyaran bai yi aiki ba. Ga masu wayar iPhone, a cikin saitin VoiceOver, wato manhajar karanta allon wayar, akwai sashen furuci inda mutum zai rubuta kalma sannan ya furta ta da bakinsa, wayar ta ba shi zaɓin furucin da ta ji.

Gaskiya_Dokin_Ƙarfe:
Ina da tambaya ga masana. Sababbin muryoyin nan da ake horarwa da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka biyo bayan tsare-tsaren samar da murya irin su WaveNet na 2016 da Tacotron na 2017, ba su sa duk wannan wahala ta zama tarihi ba? Na san cewa a 2023 kamfanin Meta ya saki muryoyi na harsuna fiye da 1,100, kuma har da Hausa a ciki.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Sun rage wata wahalar, sun kawo wata. Murya da aka horar da Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ a bakinta, kuma wannan babban ci gaba ne. Amma da yawa daga cikin irin waɗannan muryoyi suna karɓar haruffa ne kai tsaye su fitar da sauti, babu matakin ƙwayoyin sauti a tsakiya da mutum zai sa hannu. Ma'ana babu inda za ka shigar da IPA, sai dai ka koma sake rubuta kalmar kana saurare har ta fito daidai. Idan kuma rubutun da aka horar da su da shi ba shi da alamar karin sauti, ƙara alamar a kan wasali ba zai taimaka ba, domin ba su san ma'anarta ba. Wannan ya sa har yanzu nake girmama tsofaffin manhajoji irin eSpeak, wadda Jonathan Duddington ya rubuta. Muryarta ba ta da daɗi kamar ta sababbin, amma dokokin furucinta da jerin kalmominta a buɗe suke a fayilolin rubutu, kana iya gyarawa ka sake harhaɗawa, kana kuma iya sa ta nuna maka ƙwayoyin sautin da ta zaɓa wa kowace kalma, ka ga ainihin inda ta kauce.

Tsohon_Mai_Fassara:
Akwai abin da har yanzu ba mu tambaya ba: furucin wa za a shigar? Masu karin harshen yamma da na gabas ba sa furta wasu kalmomi iri ɗaya, kuma duk Hausa ce ingantacciya. Ga takardun makaranta, ina ganin bin Daidaitacciyar Hausa ya fi, tunda ita ce ake koyarwa. Amma sunan mutum ba a yanke masa hukunci da ƙamus. Na taɓa shirya karatun jerin sunaye, na gyara wani suna bisa yadda na saba jin sa, daga baya mai sunan ya aiko da saƙo cikin ladabi cewa ba haka iyalinsa suke kiran sa ba. Tun daga ranar, idan mai suna yana raye kuma ana iya samun sa, shi nake tambaya ya furta in ji.

Malamar_Harshe:
Na goyi bayan wannan, Baba. Ga kalmomin gama-gari kuwa, wanda yake shakkar karin sauti ko tsawon wasali ya duba manyan ƙamusoshin Hausa da suke nuna su, kamar na Bargery na 1934, maimakon ya dogara da kunnensa kaɗai, domin mai magana da harshe yakan furta daidai amma ya kasa tantance ko gaɓar da ya furta sama take ko ƙasa.

Mai_Sauraro:
Na gode muku gaba ɗaya. Na gwada wasu daga cikin shawarwarin a babi ɗaya na ilimin sinadarai. Na daidaita haruffan rubutun kamar yadda Malam Sarkin_Haƙuri ya ce, na rubuta ma'aunai da cikakkun kalmomi, na sa a jero haruffan kowace sabuwar kalma. Sunayen sinadarai na shigar da su da IPA kuma sun fito daidai, amma kalmomin Hausa masu ƙ da ɗ muryar ta ƙi su, don haka na koma sake rubuta su, kuma sakamakon bai gamsar da ni ba. Yanzu ina tunanin raba rubutun gida biyu, murya ɗaya ta karanta Ingilishin, wata ta karanta Hausar, sai dai ina fargabar sauyawar murya a tsakiyar jimla za ta raba hankalin ɗalibai.

Mai_Karatu_Da_Kunne:
Malam, sauyawar murya a tsakiyar jimla tana da nauyi a kunne idan ta yawaita, musamman idan muryoyin sun bambanta a sauri ko a ƙarfi. Idan kalmar Hausa ɗaya ce tal a cikin jimlar Ingilishi, ni na fi son murya ɗaya ta ci gaba ko da furucin bai cika ba. Idan kuwa cikakkiyar jimla ce ko sakin layi, a sauya. Amma wannan ra'ayina ne, kuma na san makafi da suka fi son akasin haka, don haka ka shirya shafi ɗaya ta hanyoyin biyu ka ba ɗalibanka su saurara.

Sarkin_Haƙuri:
Kafin ka ci gaba zuwa babi na biyu, ka ware fayil guda ka riƙa tara jimlolin gwaji, jimla ɗaya ga kowace shigarwa, tare da ɗan bayanin dalilin da ya sa ka yi gyaran. Masu manhajoji sukan sabunta muryoyinsu, kuma kalmar da ka sake rubutawa domin ta dace da tsohuwar murya tana iya fitowa a karkace a sabuwar. Ni duk lokacin da aka sabunta murya nakan saurari wannan fayil daga farko zuwa ƙarshe, kuma a karon baya na cire shigarwa goma sha ɗaya da muryar ta riga ta iya da kanta, na sake rubuta guda huɗu. Malam Injiniya, shin akwai hanyar da zan sa shigarwa ɗaya a fayil ɗin PLS ta ɗauki furuci biyu, in riƙa zaɓar wanda nake so daga cikin rubutun?

Injiniya_BK:
Ƙa'idar ta yarda a sa furuci fiye da ɗaya a shigarwa guda tare da nuna wanda aka fifita, ta kuma tanadi hanyar bambanta kalmomi masu rubutu ɗaya ta fuskar aikinsu a nahawu, kamar suna da aikatau. Sai dai ba kowace manhaja ce take aiwatar da wannan ɓangaren ba, don haka ka gwada da kalma ɗaya kamar "wuya" a jimloli biyu, ka ji ko muryar ta bambanta su, kafin ka gina sauran ƙamusun a kansa.